Kore Na Gani

Litinin, 3 ga Maris

Inna ta ce in daina yi mata surutun aiki, kanta ke ciwo. Shi ya sa na sayi wannan littafin. Shi dai ba zai ce in yi shiru ba.

Giwa ta tsaya sau bakwai yau. Giwa ita ce babbar tukunyar da ke haɗa abincin kaji a masana'antarmu, ma'aikata suka sa mata sunan saboda girma da gurnani. A cikinta akwai wuƙaƙen ƙarfe huɗu masu juya masara da dusa. A bayanta akwai ƙofar da ake shiga a yi shara, a jikin ƙofar kuma akwai sensa, ɗan ƙarfe kamar babban yatsa, mai gaya wa kwamfuta ko ƙofar a rufe take.

Ni na rubuta manhajar allon da ake sarrafa Giwa da shi. Layi ɗaya ne a ciki nake alfahari da shi: in ƙofa a buɗe take, maɓallin kunnawa ya koma ruwan toka, ko da gwiwar hannu ka danna shi ba zai ji ba. In a rufe take, ya yi kore. Ni da bakina na tara ma'aikata na koya musu: in kun ga kore, lafiya lau.

Yanzu sensar ta fara ƙarya. Ƙofa a rufe gam, ita tana cewa a buɗe. Sai maɓalli ya suma, Giwa ta yi tsit, motoci su yi layi a waje.

Talata, 4 ga Maris

Manaja ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba.

Sabuwar sensa sai nan da mako uku, in ji shi. "Ki farkar min da maɓallin nan kafin ta zo." Na ce, Yallaɓai, in na yi haka allon ba zai san akwai mutum a ciki ba. Ya ce, "Kafin a kawo allonki shekara nawa muna aiki? Wa ya mutu?" Ya ce, "Ko in kira yayanki ya yi miki bayani?"

Ya san inda zai taɓa. Ajinsu ɗaya da Yaya a makaranta. Shekara biyu na yi a gida da takardata a ƙarƙashin katifa kafin Yaya ya je ya roƙar min wannan aikin.

Minti huɗu na yi. Na goge sharaɗin ƙofa, na sa kalma ɗaya a madadinsa, wadda ke nufin "kullum". A gefe na rubuta "na wucin gadi" da kwanan wata, kamar wannan zai kare wani. Maɓalli ya yi kore, Giwa ta tashi, aka yi min tafi a ƙasa.

Da zan fita Manaja ya ce kar in tayar wa mutane da hankali, magana ta tsaya tsakaninmu.



Laraba, 5 ga Maris

Ƙarfe ɗaya na rana Baba Dogo yake shiga sharar Giwa. Kullum. Ya haura sittin, shi kaɗai ne bai ƙi aikin ba. Yau ya wuce ni da shebur da tsintsiya a kafaɗa, ya ce, "Uwar Giwa, an ce kin yi wa 'yarki magani." Na yi murmushi. Ya ce tun da na sa mata linzami yake shiga da kwanciyar hankali, har waƙa yake yi a ciki.

Akwai babban makunnin wuta can bayan sito. Da can shi ake kashewa kafin a shiga. Amma in an kashe shi layin ɗinkin buhu ma tsayawa yake, don haka tun zuwan allona ba wanda ya sake taka ƙafa wurin. Ni na sa suka daina.

Na je na tsaya a gaban allon, na kare shi da bayana, minti talatin da biyar. Daga nan ba a ganin ƙofar, tana ɗaya ɓangaren. Sajan, mai danna maɓallan, ya dawo daga cin abinci yana sakace. Bai taɓa aikin soja ba, tafiyarsa ce da muryarsa suka ja masa sunan. Ya ce, "Malama, gadina aka ba ki?" Na ce ina duba wani abu ne.

Koren yana bayana ina jin sa kamar garwashi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na samo dabara. Na ƙara umarni: daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu saura kwata, maɓallin ya koma ruwan toka da kansa, ko ƙofa a buɗe ko a rufe. Agogo zai yi aikin sensa. Na gwada sau uku. Ya yi.

Na ci abinci yau.

Juma'a, 7 ga Maris

Abin da ban yi tunani ba jiya: yanzu duk wanda ya kalli allon lokacin shara zai ga toka, ya ɗauka komai na nan yadda yake. Na gyara ne ko na lulluɓe?

Lahadi, 9 ga Maris

Na ƙona shinkafa. Ina tsaye a kanta, ludayi a hannu, har hayaƙi ya kai falo. Inna ta shigo tana tari, ta ce, "Ke, injiniyar duniya, tukunya ɗaya ta gagare ki?" Ta karɓi ludayin, ta dube ni da kyau. "Wani ne?" Na ce ba kowa. Ta ce to in wani ne ya zo ya gaishe ta, in kuma ba kowa ba ne in wanke tukunyar.

Da ma wani ne.

Duk sanda waya ta yi ƙara sai in ɗauka daga masana'anta ne. Yau ma ba a aiki, amma haka.

Saura kwana goma sha shida sensa ta zo.

Laraba, 12 ga Maris

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta a jere, ko zan iya numfashi.

Wajen goma da rabi aka aike ni bakin get, na'urar buga takardar sikeli ta cije. Ban san wata mota ta zo neman abincin 'yan tsaki da gaggawa ba. Haɗin da aka gama da safe akwai magani a ciki, dole a share Giwa kafin a zuba wani. Manaja ya ce Baba Dogo ya shiga yanzu-yanzu. Sha ɗaya. Agogona bai san da sha ɗaya ba.

Sajan yana sito yana duba masara, ba wanda ya gaya masa. Ya dawo, ya ga kore, ya danna.

Daga get na ji Giwa ta tashi, sai wata ƙara kamar an karya katako, sai ihu. Ban san na yar da takalmina ɗaya ba sai daga baya.

Ashe Baba Dogo ya riga ya fito da jikinsa. Sheburinsa ya manta, ya miƙa hannu ya ɗauko. Wuƙa ta doki sheburin, ƙotar ta karya masa hannu wuri biyu, ta wurga shi jikin ƙarfen bene. Sajan ya doki jan maɓallin tsayawa da jin ihun.

Da ya yi jinkirin minti ɗaya. Da tsintsiyar ya tsaya kakkaɓewa a ciki. Ba zan rubuta sauran ba.

Ana ɗora shi a mota, fuskarsa duk gari, Sajan yana bin kowa yana cewa, "Kore na gani. Wallahi kore na gani." Ya juyo gare ni. Na sunkuyar da kai ina neman takalmi.

Alhamis, 13 ga Maris

An ɗaure Giwa da jan kirtani. An dakatar da Sajan, wai bai zagaya ya duba ƙofa ba.

Manaja ya zo ofishina da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya rufe ƙofa. Injiniyar tsaro za ta zo daga hedikwata ranar Laraba. Ya ce magana ɗaya ce: sensa ta lalace, kowa ya sani, in ta iya cewa buɗe alhali rufe, za ta iya cewa rufe alhali buɗe. "Ki mayar da layinki yadda yake. Yau." Muryarsa a hankali, amma gumi har wuyan riga. Shi ma tsoro yake ji. Wannan ya fi tsawarsa ba ni tsoro.

Na mayar.

Abin da bai sani ba: kwamfutar tana ajiye tarihin duk canjin da aka yi, da rana da sa'a da sunan wanda ya yi. Ni kaɗai na san wurin. Ni kaɗai na san yadda ake gogewa. Na buɗe, na kalla, na rufe.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sake buɗewa. Na sake rufewa.

Asabar, 15 ga Maris

Asibiti. Baba Dogo yana gado na shida daga ƙofa, kusa da taga. An sa masa ƙarafa a hannun, an rataye. Matarsa tana zaune a ƙasa tana ɓare masa lemo.

Ina shiga ya ce, "Ga Uwar Giwa! 'Yarki ta cije ni." Har mutumin gado na gaba ya yi dariya. Na ajiye ledar da na kawo, na durƙusa in gaishe shi, sai kuka ya ƙwace min. Ya ce, "Haba 'yata, ke kika danna? Ƙarfe ne, ba ya da uwa ba ya da uba." Ya roƙe ni in sa baki kar a kori Sajan, yana da 'ya'ya biyar, kuma ba mugu ba ne, garaje ne kawai.

Likita ya ce ƙashi zai haɗu. Yatsun ne ba a sani ba tukuna.

Matarsa ta raka ni har bakin ɗaki tana sa min albarka. Na tsaya a bayan ginin na yi amai.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ya zo gaida Inna. Na ja shi baranda na gaya masa. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu. "Wa kika gaya wa?" Ba kowa. "To ki ja bakinki ki yi shiru. Sa ki aka yi. Mutumin bai mutu ba, kamfani zai yi masa magani." Na ce Sajan fa? Ya ce, "Sajan ƙaninki ne ko yayanki?"

Ya ce in maganar ta fito, ba masana'antar da za ta sake barina in taɓa ko fitila. Kuma zai iya zama batun 'yan sanda. Ban taɓa kawo 'yan sanda a raina ba sai da ya faɗa. Yanzu ko'ina su nake gani.

Da zai tafi ya dafa kaina kamar lokacin da nake ƙarama. Ba mugunta yake yi ba. Na sani.

Litinin, 17 ga Maris

Sajan yana jirana a tashar mota da na tashi. Ba kayan aiki, wata tsohuwar riga, ya rame a kwana biyar. Muryar nan ta tafi.

Ya ce ba rigima ta kawo shi ba, tambaya ce. "Malama, ke kika san abin nan. In mutum ya danna da ƙarfi sosai, zai iya tilasta shi ya tashi ko yana toka?" Kowa yana yi masa tsiya cewa dukan allo yake ba dannawa ba. Ya ce ya yi ta tunani har ya fara shakkar ko koren ya gani da gaske. Wataƙila toka ne, hannunsa ya fi ƙarfin maɓallin. In haka ne gara ya je ya faɗa da bakinsa, ya bar aikin injin kafin ya kashe wani.

Gilashi ne. Ko guduma ka sa, fashewa zai yi, ba zai tashi ba.

Na ce, "Ba zai yiwu ba." Ya ce, "To me ya faru?" Motata ta zo. Na hau. Na bar shi a tsaye.

Talata, 18 ga Maris

Gobe injiniyar za ta zo. Umarnin gogewa kalma uku ne. Na rubuta shi, yatsana yana kan maɓallin shigarwa har aka tashi daga aiki. Ban danna ba, ban goge shi ba, na kashe kwamfutar daga bango.

Laraba, 19 ga Maris

Injiniya dattijuwa ce, gajeriya, da tabarau a rataye a wuya. Ba ta ɗaga murya. Ta sa aka kwance sensar, ta gwada ta sau ashirin a kan tebur. Ta ce, "Wannan ƙaryarta hanya ɗaya take bi, ba ta cewa rufe alhali buɗe." Ba ta kalli kowa ba da ta faɗa.

Ta zo ofishina, ta ja kujera kusa da ni, ta ce in nuna mata layin. Na nuna. Yana nan tsaf, kamar ba a taɓa shi ba. Ta karanta, ta ce, "Layi mai kyau. Ke kika rubuta?" Na ce e. Ta fara tattara takardunta.

Saura kaɗan in bar ta ta tafi. Ta riga ta miƙe.

Ban san sanda na ce, "Ranki ya daɗe, akwai tarihi" ba. Muryata kamar ta wata. Na buɗe mata. Huɗu ga wata, sunana. Shida ga wata, sunana. Sha uku ga wata, sunana. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ya sa ki?" Na faɗa. "A rubuce?" A'a. "Kin gaya wa mai sharar?" A'a. "Mai dannawa?" A'a.

A'a biyun nan na ƙarshe ba wanda ya tilasta min su. Ita dai rubutawa kawai ta yi.

Da ta gama ta miƙo min ruwanta.

Alhamis, 20 ga Maris

Manaja ya ce shi cewa ya yi in duba matsalar, bai ce in cire komai ba, shi me ya sani game da kwamfuta. A gabana ya faɗa, yana kallon kalandar bango.

An dakatar da ni wata ɗaya, sannan kwamiti zai yanke ko zan dawo. Sajan zai koma aiki Litinin.

Yaya bai ɗauki wayata ba. Sau huɗu.

Na gaya wa Inna duka, tana tsinke alayyafo. Ba ta daina tsinkewa ba. Da na gama ta ce, "Shi mutumin ya sani?" Na ce kamfani zai gaya masa. Ta ce, "Kamfani ne ya je ya yi masa kuka a asibiti?"

Asabar, 22 ga Maris

Na je. An sallame shi, yana gida, ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Na zauna a bakin tabarma na faɗa, tun daga farko. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ranar da kika tsaya a gaban allo. Kin sani a lokacin?"

Na ce na sani.

"Na wuce ki. Har na yi miki wasa."

Na ce e.

"Da kin ce min, Baba, je ka kashe babban makunni. Minti uku ne tafiyar."

Ya juya fuskarsa bango, a hankali saboda hannun. Matarsa ta miƙe ta ɗaga min labule. Ta ce, "Ki gaida gida."

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ba 'yan sanda. Har yanzu in aka ƙwanƙwasa ƙofa Inna nake bari ta buɗe.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yaya ya zo. Bai yi min magana ba, amma ya gyara min ƙafar teburina da ke lilo tun bara, yana ta masifa da kusoshin.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na koma. Takardar gargaɗi a fayil ɗina, kuma daga yau ba canjin da zan yi sai mutum biyu sun sa hannu. Manaja yana nan. Mun haɗu a matakala, kowa ya kalli takalminsa.

Baba Dogo yana get yanzu. Yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, ba zai sake riƙe shebur ba. Na gaishe shi, ya amsa, ya ɗaga min sandar get da hannun hagu. Shi ke nan.

An sa sabbin sensa biyu. An kuma sa wa Giwa makunninta ita kaɗai, da kwado: mai shiga ya kulle, ya tafi da makulli a aljihu. Aka ce in gwada kafin a tashe ta. Daga allo zan iya gwadawa, haka na saba. Ban san me ya sa na karɓi makullin daga hannun Sajan ba. Ya kalle ni, ya riƙe min ƙofar.

Shekara biyu ina rubuta wa wurin nan umarni, ban taɓa ganin cikinsa ba. Duhu, zafi, warin dusa. Ba wurin tsayuwa sai tsakanin wuƙa da wuƙa, ɗaya tana taɓa bayanka ɗaya tana taɓa cikinka. Ba ka jin komai daga waje, ko ana kiran sunanka. A jikin bango wani ya ɗaura tsumma a wani ƙarfe mai kaifi, daidai inda goshi zai buga.

Makulli yana hannuna, na damƙe shi har ya yi min shaida a tafi. Na ƙirga sittin na fito.

Da yamma a get Baba Dogo ya dube ni daga sama har ƙasa. Ashe duk gari ne a girata da mayafina.

"Shiga kika yi?"

Na ce e, Baba.

Ya daɗe bai ɗaga sandar ba. Can ya ce, yana kallon titi, "In za ki fito, kai ake fara fitarwa, ba ƙafa ba. Akwai ƙusa ta hagu, tana kama riga."

Ta riga ta kama. Ban gaya masa ba.

Gobe ƙarfe ɗaya sabon mai shara zai shiga karon farko. Na ce wa Sajan ya kira ni, zan riga shi shiga in nuna masa inda ake tsayawa. Ba aikina ba ne. Sensar ce kawai nake so in sake dubawa.